Dokin maƙwabcina yana ƙarewa a turke: in kai ƙara ko in yi shiru?

Telan Birni:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Don Allah kada kowa ya tambaye ni sunan mutum ko ƙofar gida, ba zan faɗa ba, wanda kuma ya gane daga bayanin ya rufa mana asiri.

A unguwar Birni ta Zinder aka haife ni, keken ɗinkina yana zauren gidanmu. Katanga ɗaya ta raba mu da wani dattijo da ya kusa tamanin. Abokin mahaifina ne tun suna samari. Ranar da babana ya rasu shi ya shiga kabari ya karɓe shi, da na tashi aure shi ya je ya karɓo mini. Baba nake ce masa, bakina bai taɓa kama sunansa ba. Na fara da wannan ne don ku san nauyin da ke kaina kafin ku yanke mini hukunci.

Baba yana da doki, kili. Ina aji uku a lakwal aka kawo shi yana dukushi, ko sirdi ba a taɓa ɗora masa ba. Yau shekarata 35, sai ku yi lissafin. A kansa na fara sanin mene ne likkafa. Duk hawan sallah mu yaran unguwa muke riƙe masa linzami daga ƙofar gida har bakin fada, Baba ya sha rawani, Kili ya sha jalala, idan aka buga tambura ya dinga taka rawa a gefe-gefe kamar ya san kiɗan nasa ne. Baba yakan ce kakansa a kan doki ya je Tirmini a 1899, ranar da aka kara da Faransawa, kuma tun daga wancan kakan turken gidansu bai taɓa kwana ba doki ba. Wannan maganar na ji ta ya fi sau ɗari, har na haddace inda yake tsayawa ya gyara murya.

Shekara huɗu ke nan Baba bai hau ba, gwiwa ta hana. Jikansa ne ke kula da dokin, shi ke yanko ciyawa da damina, shi ke ɗebo ruwa. Bara ya bi abokansa neman zinariya can arewa, tun muna jin muryarsa a salula har muka daina. Babban ɗan Baba yana Libiya, dā yana aiko da ɗan abin da ya samu, yanzu an jima ba a ga komai ba. Gidan ya rage daga Baba sai Iya, matarsa, sai wata ƙaramar jika.

Abin da nake gani ta saman katanga shi ne wannan. Haƙarƙarin Kili ana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Ƙasusuwan ƙugunsa sun tsaya cirko-cirko, wallahi da za ka rataya babbar riga a kai za ta zauna. Akwai gyambo a gadon bayansa kamar faɗin tafin hannu, ƙudaje sun mai da shi gida. Kofatansa sun yi tsawo sun fara lanƙwasa sama. Dogon yaron da ke masa inuwa an sassare shi an yi itace, daga hantsi har la'asar rana a kansa take, ga bazarar nan da kowa ya san yadda take. Amma abin da ya hana ni barci ba wanda ido ke gani ba ne. Da dare, wajen ƙarfe biyu, sai ya dinga buga daron ruwansa da ƙafa, ƙwal, ƙwal, ƙwal, daron kuma ba komai a ciki. Kan gadona yana jingine da wannan katangar.

Ba wai na zauna ban yi komai ba. Na taɓa aika yarona da bido ɗaya na ruwa, Baba ya dawo da shi cike, ya ce a ce mini an gode, suna da shi. Wata rana bayan magariba na ce, "Baba, kamar Kili ya ɗan faɗa." Ya dube ni ya ce, "Tsufa ne. Ni ka ga na yi ƙiba?" Ya juya maganar zuwa ɗinkin sallah. Wani dillali ya zo taya dokin, Baba ya bi shi da sanda har bakin titi, yana cewa ya san inda ake kai tsofaffin dawaki, Maigatari, daga can a loda su a mota a yi kudu da su a yanka.

Shekaranjiya da asuba dokin ya faɗi ya kasa tashi. Mu huɗu muka sa igiya ta ƙarƙashin cikinsa muka ɗaga shi, Baba yana tsaye riƙe da ƙofa bai ce uffan ba. Wani ma'aikaci da nake wa ɗinki ya ji labarin ya ce in kai magana ma'aikatar kiwo, ko wurin mai unguwa, in ya ƙi ci a wuce fada. Maiɗakina ta ce in na kuskura na yi haka ita ba ta san da wane ido za ta ƙara kallon Iya ba. Mahaifiyata ko gaya mata ban yi ba, na san amsarta.

Gaba kura, baya sayaki. In na kai ƙara na tona asirin mutumin da ya rufa nawa. In na yi shiru dabba za ta mutu da ƙishirwa taku biyar daga inda nake sallah. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, ko ya san yadda ake bi, ya taimake ni.

Ɗan Sabon Gari:

Wa alaikumus salam. Malam tela, ka yi haƙuri, zan faɗa maka wadda ba za ka so ba. Doki ba ya zama haka a kwana bakwai. Wata nawa kana leƙe ta katanga? Duk tsawon bayanin nan naka, rabinsa a kan kunyarka ne da kunyar matarka, shi kuwa mai buga daro da dare ba shi da bakin zuwa nan ya rubuta nasa. Gobe da safe ka je wurin mai unguwa. Aikinsa ke nan, don haka aka naɗa masa rawani. Mu mutanen Damagaram mun iya yi wa doki kwalliya ranar hawa, a ɗauki hoto a sa a Facebook, sauran kwanakin shekara ba mai tambayar me ya ci. Da yaro ne aka ɗaure a rana ba ruwa, za ka zo nan neman shawara?

Tsohon Ɗan Barga:

Ɗan Sabon Gari, sannu, sassauta. Tela, ni shekara goma sha tara na yi ina kwana da dawaki a bargar wani bawan Allah kafin baya ya hana ni, bari in tambaye ka abin da ba ka duba ba.

Ka je gindin turken ka duba ƙasa. Kana ganin dunƙule-dunƙulen ciyawa da aka tauna aka tofar, kamar curin taba? Sannan ka tona kashinsa da tsinke. Kana ganin ƙwayar gero ko dawa ta fito yadda ta shiga? In ka ga waɗannan biyun, to matsalar ba ta tsaya a rashin abinci ba, bakin ne ya ƙare. Haƙorin doki ba irin namu ba ne. Yana fitowa a hankali duk tsawon rayuwarsa, tauna tana cinye shi, har ranar da abin da ke cikin dasashi ya ƙare. Dokin da ya haura ashirin da biyar, turamensa wasu sun zube, wasu sun lashe sun yi sumul, wasu sun yi kaifi a gefe suna yankar kumatu da harshe. Irin wannan ko ka zuba masa buhun gero a gaba, a gabanka zai rame. Na ga masu kuɗi da suka yi ta zagin yaran barga wai suna sace hatsi, alhali dokin ne ba ya iya niƙawa.

Don haka kafin ka ce Baba ya yi sakaci, ka tabbatar. Mai yiwuwa yana ba shi, ba ya shiga ne.

Tsohon doki abinci mai laushi yake so. Harawar wake, ka kakkaɓe ganyen ka bar karan, ka yayyafa ruwa ta yi taushi. Dusa a jiƙa ta kamar za a dama wa mai jego. Kada a zuba masa a ƙasa. Ƙasarmu rairayi ce, dokin da yunwa ta ci yana lasar ƙasa yana haɗiye yashi, yashin ya taru a hanji, wata rana ka ga yana birgima yana duban cikinsa, shi ke nan. A sa a daro ko a kan tsohuwar tabarma.

Ruwa kuwa, a wannan zafin, doki yana shan lita talatin zuwa arba'in a yini, wani ya fi. Kusan bido biyu ke nan kullum, ba ranar hutu. Kai da kake Zinder ka san abin da bido biyu yake nufi a watan da famfo ke yin kwanaki bai ɗiga ba, mata suna kwana a layi, 'yan ga-ruwa suna ƙara kuɗi. Tsoho mai ciwon gwiwa da tsohuwa da ƙaramar yarinya, ina za su kai? Da ya ce maka "muna da shi", nasu na sha yake nufi.

Maganar fada kuma, ka cire ta daga ranka tukuna. Ka san abin da ake nufi a kira mutumin da ya yi shekaru yana hawa bayan Sarki, a tsayar da shi gaban dogarai a ce ya kasa ciyar da dokinsa? Gara ka tuɓe masa rawani a tsakiyar kasuwar Dole ranar Alhamis. Dokin zai iya samun ruwa ta wannan hanyar, amma Baba ba zai ƙara fitowa masallaci ba.

Kofato kada ka taɓa da kanka. Wanda ya yi tsawo haka ba a yanke shi rana ɗaya, kaɗan-kaɗan ake rage shi, in ba haka ba ka gurgunta shi gaba ɗaya.

Almajirin Garin Malam:

Bismillah. Ni ba malami ba ne, ɗalibi ne, amma wannan mas'alar mun karanta ta a zaure, ba sabuwa ba ce.

A mazhabarmu ta Malikiyya ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan ba ta da wurin kiwo. Muhtasar na Shaihu Halil ya kawo ta a babin ciyarwa, kuma ya ce in mai ita bai ciyar ba, a sayar. Wato hukuma tana da ikon tilasta shi ya fitar da ita daga hannunsa. Saboda haka wanda ya kai irin wannan magana gaban mai iko bai yi gulma ba, bai yi annamimanci ba, haƙƙi ya nema wa mai haƙƙi. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba, yana cikin Buhari da Muslim, yara ma sun san shi. Akwai kuma wanda Abu Dawuda ya ruwaito, na raƙumin da ya ga Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi kuka idanunsa suna zubar da hawaye. Annabi ya shafa shi, ya nemi mai shi, ya ce masa ya ji tsoron Allah a kan wannan dabba, domin ta kai ƙararsa cewa yana barin ta da yunwa yana wahalar da ita.

Ka lura da abu ɗaya a wannan hadisin: mai raƙumin aka nema, aka yi masa magana ido da ido. Kai kuwa, tela, abin da ka gaya wa Baba shi ne "kamar ya ɗan faɗa". Wannan ba nasiha ba ce, gaisuwa ce. Ba ka riga ka faɗa masa gaskiya ba balle ka ce ya ƙi ji. Shi ma yana da haƙƙin maƙwabtaka a kanka, wanda Jibrilu ya yi ta wasiyya da shi har Annabi ya zaci za a ba maƙwabci gado. Yana cikin wannan haƙƙin ka hana shi zuwa lahira da alhakin dabba a wuya. In kana ƙaunarsa, wannan ya fi kunyar duniya.

Sai wata gaɓa da mutane ba su cika sani ba. Mu a mashhurin mazhaba ba ma cin naman doki, shi ya sa tsohon doki yake zama kaya, ba kamar sa ko rago ba da za a yanka a raba. Amma malamanmu sun halatta a yanka dabbar da ba a ci idan an fid da rai da ita, don a hutar da ita. Ba ina cewa an kai nan ba. Ina faɗa ne don in ranar ta zo, kada wani ya ce muku haramun ne, a bar shi yana shure-shure kwana uku a rana. Allah ne mafi sani.

Uwar 'Yan Biyu:

Duk maza kun taru a kan doki, ba wanda ya tambayi me aka ɗora a murhun gidan. Tela, gidan da aka sare itacen inuwa aka yi girki da shi, kana ganin doki kaɗai ke kwana da yunwa? Ka tura matarka wurin Iya, ba da saƙo ba, ta je hira kawai, ta zauna har lokacin ɗora tukunya. Abin da za ta gani ya fi abin da kake hangowa ta katanga.

Sannan kuskurenka na bidon nan. Ka aika yaro da rana tsaka, ya ratsa ƙofar gida da ruwa a ka, unguwa tana kallo. Me kake so dattijo ya yi in ba ya mayar ba? Irin su Baba ba a ba su, roƙonsu ake yi. Mahaifina haka yake har ya koma ga Allah: in ka kai masa tiya biyu na gero ya ce ka raina shi, in ka ce ka zo ya ajiye maka su don gidanka akwai ɓera, sai ya karɓa, kowa ya san ba za a dawo a tambaya ba.

Kana da yaro namiji. Ka je ka durƙusa ka ce kana neman alfarma, kana so yaron ya koyi riƙon doki a hannunsa yadda kai ka koya, don kada abin ya ɓace a unguwa. In ya yarda, ruwan da yaro zai kai da harawar da zai kai sun zama kayan karatu, ba sadaka ba. Shi ya zama malami, kai ka zama mai godiya. Mai unguwa yana nan, ba gudu zai yi ba, in wannan ta ƙi sai a je gare shi.

Ma'aikacin Kiwo Mai Ritaya:

Na yi aiki a ɓangaren lafiyar dabbobi har na ajiye, bari in gyara wasu abubuwa.

Na farko, doka tana nan. Dokar kiwo ta ƙasa ta 2004 ta hana cutar da dabba, a fili ko a ɓoye. Amma kada ka zaci in ka je ofis za a turo mota a ɗauki doki a kai shi wani gidan jinya. Abin da ma'aikaci zai iya yi shi ne ya zo ya duba, ya yi magani, ya ba da shawara, kuɗin magani kuma daga aljihun wani zai fito. Don haka kiran likitan dabbobi daban, kai ƙara daban. Kana iya zuwa ka ce ga mara lafiya a zo a gani, ba tare da ka ambaci laifin kowa ba. Mai unguwa ma sulhu ne aikinsa a irin wannan, ba ɗauri ba. Kalmar "ƙara" ce ta tsorata ka.

Na biyu, kuma wannan ya fi komai muhimmanci: kada tausayi ya sa ka kashe shi. Dabbar da ta daɗe cikin yunwa, in aka cika mata ciki da hatsi rana ɗaya, gishirin jininta yana rikicewa, zuciya ko numfashi su tsaya, sau da yawa cikin kwana uku zuwa biyar da fara ciyarwar. Sai mutane su ce ai dama kwanansa ya ƙare. Ɗan Barga ya yi daidai a kan harawa, amma dusar a dakata da ita, gero kuwa sam. Ka fara da harawa mai laushi kamar rabin kilo, duk bayan awa huɗu, har kwana uku. Daga nan ka dinga ƙarawa kana rage yawan lokutan, sai wajen kwana goma ya kai ga cin ƙoshi. Lafiyayyen doki yana cin busasshen abinci kusan kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a yini, ga irin dawakinmu kilo shida zuwa takwas ke nan, ka san abin da kake ɗaukar wa kanka. Ruwa ma da farko kaɗan-kaɗan, a kai a kai, har ƙishirwar ta karye, sannan a bar masa daro cike.

Na uku, abubuwan da za a ba ka shawara a bakin titi. Za a ce ka ɗura masa kanwa ta wanke ciki: dokin da jikinsa ya bushe ba a sa shi zawo. Za a ce ka shafa baƙin mai na mota a gyambon: kada ka yarda, ruwan gishiri mai tsabta safe da yamma, a rufe daga ƙuda. Za a ce ka sayi allurar tsutsa ta shanu a kasuwa ka soka masa: na doki ta baki ake bayarwa, kuma a wannan ramar sai ya ɗan farfaɗo, likita ya auna. Doki yana saurin kamuwa da tetanos, cutar da ke sandarar da jiki, ta ciwo irin wannan, ka tuna wa wanda zai zo.

Na ƙarshe, ka shirya zuciyarka. Doki yakan yi shekara 25 zuwa 30, naku yana bakin iyaka. Wanda ya fara faɗuwa sai an ɗaga shi, wani yana tashi, wani ba ya tashi ko an yi masa komai. Ko da wata ɗaya ya rage masa, inuwa da ruwa ba su ɓaci ba.

Ɗan Sabon Gari:

Duk na ji, kuma Hajiya ta fi ni dabara, na yarda. Amma a sa rana. Dabarar da ba ta da wa'adi sunanta jan ƙafa. In Juma'a ta zo ba abin da ya canja a turken nan, tela, ka san hanyar gidan mai unguwa.

Telan Birni:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Ɗan Sabon Gari, maganarka ta yi mini zafi don gaskiya ce: wata uku ina kallo. Ga abin da ya faru.

Maiɗakina ta je wurin Iya. Ta dawo ba ta ce komai ba, ta buɗe buhunmu ta auni tiya uku ta fita da su ta ƙofar baya a cikin kwandon wanki. Sai da dare ta gaya mini sau ɗaya suke ɗora tukunya. Kuma wai duk geron da ya shigo gidan, Baba sai ya ɗebi kwano guda ya kai wa Kili kafin a kai niƙa, Iya ta yi faɗan har ta gaji.

Washegari bayan isha'i na ɗauki yarona muka shiga. Na duba gindin turke da fitilar salula, Ɗan Barga, kamar kana wurin: curin ciyawa ko'ina, kashin kuma cike da gero ƙwaya-ƙwaya, kaji suna tsattsaga da safe. Abincin bakin tsofaffi biyu ne yake bi ta cikin doki yana fita yadda ya shiga.

Na durƙusa na yi maganar koyon riƙon doki yadda Hajiya ta tsara. Baba ya saurare ni har na gama, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ubanka ma bai iya ƙarya ba." Na rasa inda zan sa kaina. Tunda asiri ya tonu sai na bi ta Almajiri, na ce, "Baba, ku gafarce ni, dokin nan ƙishirwa yake kwana da ita, ina jin sa yana buga daro. Geron da kuke ba shi kuma ba ya niƙawa, haƙoransa sun ƙare." Na haska masa kashin ya gani da idonsa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce shi ma yana jin daron, ba barci yake ba.

Ya yarda yaron ya dinga zuwa safe da yamma, har ya fara nuna masa yadda ake tunkarar doki ta kafaɗa, ba ta baya ba. Ya yarda na kafa rumfa, na haɗa tsofaffin buhuna na ɗinke su a keke, mun ɗaura jiya. Harawa na sayo dami biyu, ina bin awa huɗun nan, na dare ni nake tashi tunda dama ba barcin nake ba. Na lissafa, ruwa da harawa za su ci mini abin da ya kai ɗinkin riguna uku a wata, kuma ban san yadda za a yi ba in aikin sallah ya wuce.

Inda muka tsaya shi ne likita. Ya ce ba wanda zai shigo masa gida da takarda da biro ya tsaya a kan dokinsa yana rubutu. Na ce ba ƙara ba ce, magani ne. Ya ce a'a. Gyambon kuwa ya fara wari, kuma yau da asuba sai da muka sake sa igiya, mu uku wannan karon, ya ɗan taimaka da ƙafafun gaba.

Mai unguwa sa'an Baba ne, tare suka yi hawa. Ina tunanin in je gare shi gobe, ba a zaurensa gaban mutane ba, in tare shi a hanyar masallaci in roƙe shi ya zo gaishe da abokinsa, ya taho da likitan a matsayin ɗan rakiya. Ban sani ba ko wannan ma kai ƙara ne da wata riga. Maiɗakina ta ce shi ne, Baba kuma zai gane kamar yadda ya gane ta farko.

Baba Mai Ritaya, in kuna cikin gari, ko za ku iya zuwa da kanku cikin babbar riga, ba jaka ba takarda? Kuɗin kabu-kabu a kaina. Ɗan Barga, kai ma in ka san mai gyaran kofato da hannunsa ke da sanyi, ka turo mini ta akwatin saƙo. Jibi ne Juma'a.